An Kai Motar Ɗantala Inuwa

Ka gan ta. Kada ka ce mini ba ka gan ta ba. Duk wanda ya bi hanyar Maraɗi daga Jibiya cikin watannin nan biyar ya gan ta, a durƙushe gindin gawon da ke hayin turken iyaka, hancinta cikin rairayi, kaji suna yin ƙwai a mazaunin direba. Ka dube ta, ka ce "Allah sarki," ka kau da kai, ka kora jakinka ka wuce kasuwa. Wataƙila ma har da kafaɗarka aka kai ta can. Mun fi mutum sittin ran nan, ni ma ina ciki, kuma ban manta fuskoki ba.

Tun da kai ka manta, zauna in tuna maka.

Motar ta Baba Ɗantala ce. Shekara talatin ya yi yana jigilar gyaɗa da raƙuma tsakanin Maraɗi da Katsina. Da manyan motoci suka zo suka kashe wa raƙuma kasuwa, bai zauna yana zagin zamani kamar sauran tsaransa ba. Ya sayar da raƙumansa bakwai, ya tafi Kano ya sayo tsohuwar mota, ya koyi tuƙi da furfura a gemunsa. Ya sa mata suna Amale. In za ta hau tudu sai ka ji yana lallashinta, in ta hau ya shafa sitiyari ya ce mata ta yi ƙoƙari.

A Kano aka gaya masa doka ta hana sa mota a hanya sai da inshora. Ya shiga wani kamfani mai hoton zakara a allonsa, shi ya sa mu a nan Kamfanin Zakara muke ce masa. Akawu ya ce inshora iri biyu ce. Akwai ƙarama ta cika doka, akwai babba, wadda ko motar ta faɗi ko ta ƙone su ne za su tashe ta. Ɗantala ya ce shi bai taɓa ɗaure raƙumi da siririyar igiya ba, a ba shi babbar. Ya dangwala yatsa, aka ba shi takarda, ya naɗe ta cikin tsumma ya sa a gwangwani.

A watan Disamba na bara, 1955, ranar kasuwar Jibiya da hantsi, ya taso daga Maraɗi da lodin gyaɗa. Ya wuce duwan, wato kwastan ɗin Faransa. Ya wuce turken simintin da ya raba ƙasarsu da tamu, malamin kwastan ɗinmu da ke zaune a rumfa gefen turken ya rubuta ta shigo. Taku ashirin cikin ƙasarmu, daidai rumfar furar yayarsa Ma'u, ƙarfen da ke riƙe da ƙafafun gaba ya karye. Amale ta durƙusa. Gilashi ya tarwatse, buhuna suka zubo, baƙin mai ya malala a hanya. Ɗantala ya fito ta taga ba ko ƙwarzane, ya tsaya yana salati.

Kafin ya rufe baki mutane sun taru: 'yan Daddara da jakunansu, 'yan Bugaje da damman hatsi, da masu zuwa cin kasuwa daga hayi. Kowa yana jaje. Sai ga Arzika makaɗin gayya, wanda in ya saki ganga a gona ko malalaci sai ya nemi fartanya. Ya zagaya motar, ya taɓa murfin inji, ya janye hannu da sauri.

"Jama'a, jikinta kamar wuta! Za ku bar dabbar mutum a rana?"

Kowa a ƙasar nan ya san abin da ake yi wa raƙumin da ya faɗi a hanya. A sauke masa kaya, a kai shi inuwa, sauran magana ta biyo baya. To, a ɓangarenmu babu inuwa, masu aikin hanya sun sare itatuwan. Inuwa ɗaya ce, ta gawon nan, taku talatin bayan turke. Ba wanda ya ce can Faransa ne. A wurinmu can gindin gawo ne, inda kakanninmu suka huta tun ba a san siminti ba.

Aka sauke buhuna. Aka kawo igiyoyin rijiya, aka kwance na jakuna, aka cusa gumagumai a ƙarƙashinta. Arzika ya saki ganga yana kiran kowa da sunan ubansa. Gardin Faransa mai tsaron iyaka ya jingine bindigarsa ya kama igiya. Ni na ajiye littattafan makaranta a kan turken kansa na sa kafaɗa. Ɗantala yana gaba yana ja da baya, yana ce mata, "Sannu, Amale, saura kaɗan." Kafin azahar tana inuwa. Aka yi kabbara, aka raba goro, kowa yana jin ya samu lada.

Alherinmu bai tsaya nan ba. Mata suka tsince gyaɗar da ta zube ƙwaya ƙwaya suka mayar a buhu. Wani dattijo ya kwashe gilashi kada ya yanki masu wucewa. Ma'u ta kankare baƙin man daga ƙofar rumfarta, ta zuba sabon rairayi ta share, don ba mai shan fura a bakin ƙazanta. Kafin la'asar, in ka ce an yi haɗari a wurin sai a ce mafarki ka yi.

Bayan mako biyu kamfani ya aiko mai duba ɓarna, wani Malam Kalilu, a kan babur, da gajeren wando da doguwar safa da alƙaluma uku a aljihun gaba.

"Kai ne mai mota?"

"Ni ne, ranka ya daɗe. Sannu da hanya. Yaya mutanen Kano?"

"Ina take?"

"Ga ta can a inuwa."

Malam Kalilu ya dubi turke, ya dubi gawo, ya sake duban turke. Fuskarsa ta washe kamar wanda aka yi wa albishir.

"Can ai Faransa ne."

"A'a, gindin gawo ne."

"Baba, motarka a ƙasar Faransa take."

"Ai ba can ta faɗi ba. Nan ta faɗi, inda kake tsaye."

Ya dubi ƙasa. Rairayi fes, har da zanen tsintsiya.

"Nan?"

Ma'u ta leƙo daga rumfa da ludayi a hannu. "Nan ɗin dai, ɗan nan. Ni na share. Da ka zo ka tarar da wurin kaca-kaca, ai sai ka koma Kano ka ce mutanen Jibiya ƙazamai ne."

Bai ƙetare turken ba. Ya ce kamfani bai ba shi izinin fita ƙasar waje ba. Daga nan ya hangi motar, tafin hannu a goshi, ya cika shafi biyu da rubutu, ya shanye ƙwaryar furar da aka ba shi don baƙo ne, ya hau babur.

Da wasiƙa ta iso aka kawo mini makaranta in karanta, don ni nake koyarwa a elementare. Layi huɗu ce. Kamfani yana jajanta wa Ɗantala. Kamfani yana tuna masa inshorarsa ta cikin Nijeriya ce. An samu motarsa a ƙasar Faransa. Kamfani yana yi masa fatan alheri.

"To, Allah ya sa haka shi ne mafi alheri," in ji Ɗantala, ya fara naɗe takardar.

Na ce, "Baba, cutar ka aka yi."

"Haba Malam, ai sun yi mini jaje."

Wannan shi ne ciwonmu, kuma ba na jin kunyar faɗinsa. Mutum ya yanke mana aljihu, in dai ya gaishe mu da kyau, sai mu raka shi bakin hanya mu ce ya gai da gida. Mun sa wa lalaci sunan haƙuri har mun daina gane bambancinsu. Na karɓe takardar daga hannunsa. Na ce akwai hanyoyin neman hakki, kuma za mu bi su har ƙarshe ko takalmanmu za su ƙare.

Muka fara da kai kuka ga kamfanin kansa. Na rubuta wa manaja shafi uku, na zana masa hanya da turke da gawo da rumfar Ma'u. Amsa ta zo cewa kamfani ya ɗauki kukan da muhimmanci ƙwarai, saboda haka ya miƙa shi ga ma'aikacin da ya fi kowa sanin maganar, wato Malam Kalilu. Malam Kalilu ya binciki aikin Malam Kalilu da idon basira, bai samu kuskure ba. A ƙasan wasiƙar ga sa hannu, Kalilu.

Muka tafi wurin alƙali. Dattijo ne mai adalci, ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce a kira wanda ake ƙara.

Na ce, "Allah ya gafarta malam, kamfani ne."

"To, a kira shi. Ɗan wane ne?"

"Ba ɗan kowa ba ne."

"A wace unguwa yake kwana?"

"Ba ya kwana."

"In rantsuwa ta kama shi, wa zai yi alwala ya dafa Alƙur'ani?"

"Babu."

"Amma ya karɓi kuɗin wannan bawan Allah?"

"Ya karɓa."

Alƙali ya shafa gemu. Ya ce a shekarunsa ya yi wa makiyaya shari'a, ya yi wa mahaukata, har an taɓa kawo masa ƙarar mamaci, amma irin wannan halitta doka ba ta ba shi ikon kiranta ba. Ya ce mu nemi majistare.

Ana haka Di'o ya zo rangadi. Muka tare shi, tafinta ya juya masa maganar. Ya ce ya ji tausayi, amma tun da akwai turke a ciki, magana ce tsakanin ƙasa da ƙasa. Zai rubuta Kaduna, Kaduna ta rubuta Ikko, Ikko ta rubuta wa manyan Faransa a bakin teku, su kuma su rubuto wa kumandan a Maraɗi. Ɗantala ya ce ko a ba shi takardar ya kai Maraɗin da kansa, in ya tashi da asuba zai dawo gobe. Tafinta bai juya wannan ba.

Muka hau bayan motar wani zuwa Kano. Lauya ya ce shari'a ce mai kyau, yana sonta, majistare zai iya saurarenta bayan damina biyu. Da ya faɗi ladansa, Ɗantala ya matso kusa da kunnena ya ce ko in gaya wa mutumin nan raƙuman sun riga sun ƙare.

A hanyar dawowa ya ce a bar kamfani da Allah. Zai jawo motarsa gida, ya nemi makaniki ya ɗaɗɗaure ta da abin da ya samu. Muka je duwan. Suka ce takardarsu ta nuna motar ta fita ƙasarsu ran nan ba ta dawo ba, abin da bai shigo ba kuwa ba a ba shi takardar fita. Muka dawo wurin malamin kwastan ɗinmu. Ya ce littafinsa ya nuna ta shigo Nijeriya ba ta fita ba, abin da ke ciki kuwa ba ya sake shigowa.

Na ce, "Amma kana zaune a nan muka ja ta ta gabanka!"

"Ina zaune, har goro aka ba ni. Ni abin da ya wuce da inji nake rubutawa. Abin da mutane suka ja da igiya ba shi da gurbi a littafina."

Na yi murna, domin ga littattafan gwamnati biyu sun yarda motar tana Nijeriya. Na kwafe su na aika wa kamfani. Amsa ta zo cewa in haka ne, motar da ke da inshora tana Nijeriya lafiya lau, kamfani yana taya Ɗantala murna. Wadda ke gindin gawo wata mota ce dabam da kamfani bai sani ba.

A duk wannan lokaci Ɗantala dako yake yi. Mutumin da ya mallaki raƙuma bakwai, da shekara sittin a kansa, shi ne yake sauke buhunan motocin wasu a bakin iyaka, direbobi sa'o'in 'ya'yansa suna yi masa tsawa. Kullum da safe gardi yana barinsa ya ƙetara da tsumma. Ya goge Amale, ya kori kaji, ya ba ta labarin gari, ya dawo ya sa gammo. Ka gan shi. Ka ma gaishe shi, ka ce masa yaya haƙuri.

Wata rana ina zaune a rumfar Ma'u ina karanta takardar inshorar karo na ashirin, sai ta ce, "Malam, kullum gabanta kake karantawa. Wancan tururuwar rubutu ta bayanta fa, ado ce?"

Na juya takardar. Kunya ta kama ni, don da gaske ban taɓa karantawa ba, rubutun ya yi ƙanana har sai da na fita rana. A sharaɗi na goma sha huɗu aka ɓoye shi. In saɓani ya shiga tsakanin kamfani da mai inshora, ɓangarorin biyu su amince da mutum ɗaya mai raba gardama. Ya saurari kowa, abin da ya yanke ya hau kan kowa, ba lauya, ba kotu. In shekara ta cika ba a nema ba, magana ta mutu. Wasiƙa uku kamfani ya rubuto mana, ko sau ɗaya bai ambaci wannan layi ba. Jira yake Disamba ta zagayo.

Na rubuta na nema. Muka ba da sunan wani tsohon madugu, suka ce ya san Ɗantala. Muka ba da wani malami a Riko, suka ce ya san Jibiya. Muka ba da wani ɗan kasuwa a Katsina, suka ce yana da mota. A ƙarshe aka daidaita a kan Malam Uwaisu, tsohon malamin safiyo da ya ajiye aiki, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana auna ƙasa da sarƙa. Bai san kowa ba, ba ya kuma son ya sani.

Kafin ranar zama na bi gida gida neman shaidu. Na fara da Arzika. Na same shi a zaure yana ɗaure wa ganga sabuwar fata.

"Wace mota?" in ji shi.

"Baba Arzika, kai ka buga ganga."

"Ni? Ran nan ina Riko wurin suna."

"Kai ka ce kada a bar ta a rana."

Ya ajiye gangar, ya leƙa waje, ya dawo. "Malam, za a rubuta suna?"

"Shaida ai da suna ake yin ta."

"Sau ɗaya aka taɓa rubuta sunan ubana, a hayi. Wata shida ya yi yana fasa wa Faransa dutse a hanyar Damagaram, ya dawo ba haƙora. Mu sittin mun ƙetare turke da dukiya ba takarda, yanzu kuma ka ce in zo in tsaya gaban mai alƙalami in ce ni na ja gaba? Ka gaishe da Ɗantala. Ka ce masa ƙaddara ce."

Ban raina tsoron Arzika ba, shi aƙalla ya faɗi dalilinsa. Sauran ko wannan ba su yi ba. Mutum sittin da uku na tambaya. In ka bi maganarsu, ashirin suna Riko ran nan wurin sunan da har yau ba a gano jaririn ba. Goma suna fama da zazzaɓi. Sauran sun iso an gama. Ashe Amale ce da kanta ta ga rana ta yi zafi, ta rarrafa ta shiga inuwa.

Ranar Alhamis da ta wuce aka zauna. Ma'u ta ce a shimfiɗa tabarma gindin gawo, Malam Kalilu ya ce sharaɗi na sha huɗu ba ya aiki a Faransa. Aka zauna a rana gefen turke. Malam Uwaisu ɗan siririn tsoho ne mai tabarau ɗaure da zare. Ya ajiye sarƙarsa a gabansa ya ce a fara.

Na ba da shaida, Malam Kalilu ya ce ni na rubuta wasiƙun, ina da ra'ayi. Ma'u ta bayar, ya ce ita da Ɗantala ciki ɗaya suka fito.

"To daga cikin wa kake so mu fito, naka?" in ji Ma'u.

Malamin kwastan ya ce ba ya shaida sai da izini daga Ikko. Gardi ya ce in ya faɗi ya kama igiya, kumandan zai tambaye shi wa ya riƙe bindiga.

Sai Malam Kalilu ya miƙe ya buɗe littafin masu ƙera motar, ya karanta nauyinta sau biyu. Ya ce mota mai wannan nauyi, ba ƙafafun gaba, cikin rairayi, babu ɗan Adam da zai motsa ta taku ɗaya, balle hamsin. Saboda haka inda take, nan ta faɗi.

"Sai dai in aljanu gare ku a Jibiya."

"Muna da su," in ji Ma'u, "amma ba su kai na Kano iya ƙarya ba."

Malam Uwaisu bai yi dariya ba. Ya tashi ya ja sarƙarsa daga ƙofar rumfar fura, ya wuce turke ko dubansa bai yi ba, har gindin gawo. Ya naɗe hannun riga, ya sa kafaɗa ya tura motar. Kaza ta yi tsalle ta fito ta taga. Motar ba ta motsa ba. Ya dawo ya zauna, ya goge tabarau.

Ya nuna Malam Kalilu. "Kai ka ce ba ta jawuwa." Ya nuna Ɗantala. "Kai ka ce ta jawu. Ni ban ga ko ɗaya ba, kuma ban taɓa sa hannu a kan abin da ban auna ba. Alhamis mai zuwa da hantsi zan shimfiɗa sarƙa. In mutane suka jawo ta da igiya da kafaɗa daga gawo zuwa ƙofar rumfar nan a gabana, to abin da ya yiwu yau ya yiwu a Disamba, kamfani ya tashi motar. In azahar ta yi tana inda take, kamfani ya yi gaskiya, a rufe magana."

Malam Kalilu ya ce, "In wasu mutane dabam suka zo fa, ba na ran nan ba?"

"Cewa ka yi babu ɗan Adam da zai iya. Ba ka ce ban da mutanen Bugaje ba."

"Kwastan fa?"

Malamin kwastan ya ce in dai ba inji, shi ba zai gani ba. Gardi ya ce motar da ba ta shigo ba, in ta tafi ba abin da ya ɓata.

Ma'u ta matso. "Malam, za ka rubuta sunan masu ja?"

"Me zan yi da sunansu? Taku nake ƙirgawa."

"To ɗaga murya ka sake faɗa, akwai masu laɓe bayan buhuna."

Ya ɗaga murya ya sake faɗa. Na ji buhuna suna motsi.

Na ɗauka shi ke nan. Ba suna, ba alƙalami, ba rantsuwa, igiya ce kawai irin ta ran nan. Na koma gida gida. Wani ya ce yana gyaran gona kafin shuka. Wani ya ce ba a yi wa mutum ɗaya gayya biyu cikin shekara, sauran mutane za su ji haushi. Wani ya ce kamfani ai kamar gwamnati ne, ko an ja ba za a ci shi ba, don me za a ɓata Alhamis. Wani dattijo daga Daddara ya dube ni da gaske ya ce, bayan wahalar da aka sha aka kai baiwar Allah inuwa, yanzu a mayar da ita rana, wannan wane irin rashin tausayi ne? Arzika ya ce zai duba, fatar gangarsa ba ta bushe ba.

Mutum goma sha ɗaya na samu. A ciki har da ni, da Ɗantala, da Ma'u, da gardi, wanda ya ce wannan karon zai rataya bindigar a wuya.

Gawo ya fara zubar da ganye, kowane manomi ya san abin da wannan yake nufi. Gindinsa kwari ne. Ruwan farko in ya sauko, rairayin da zai kwaso zai binne Amale har ƙofa, daga nan ko mutum ɗari biyu ba za su motsa ta ba. Shekaranjiya hadari ya haɗu a gabas ya watse. Ba kullum zai watse ba.

Jiya na tarar da Ɗantala a bayan rumfar kwastan, tsakanin mota da mota, yana tufka igiya da rama a cinyarsa. Kafaɗarsa duk ta saɓule da buhu.

Na ce, "Baba, mu sha ɗaya ne."

"To ai mun isa a fara, Malam."

"Ba mu isa ba. Ka sani ba mu isa ba."

Ya ci gaba da tufka. "Kada ka matsa wa mutane. Sun yi mini alheri ran nan. In na je na tsaya ƙofar mutum, ai kamar na ce alherin nasa bai yi ba ne."

Shi ba zai zo ƙofarka ba, kunya ba za ta bar shi ba. Zai ja igiyar nan shi da yayarsa har azahar, sannan ya gode wa Malam Kalilu, ya koma ya sa gammo har ranar da buhu zai kayar da shi. Ni ba ni da wannan kunyar, shi ya sa na zo.

Jibi Alhamis. Da hantsi ka kasance a bakin turke. Ka kwance igiyar rijiyarka ka zo da ita. In ba ka da igiya ka zo da gungume, in ba ka da gungume ka zo da kafaɗarka. In kana karatu, ka karanta wa maƙwabcinka wannan takarda yau, kada ka bari sai gobe, ka kuma ce masa ba a rubuta suna. Ka biya ta zauren Arzika ka ce ya fito ko fatar ta bushe ko ba ta bushe ba. Gonarka za ta jira rabin yini. Taku hamsin ne. Ka zo ka ja.